Buhun Tattasai da Gangar Mai

A watan Fabrairun 2015 tattasai ya nuna a bakin Komadugu. Wanda ya taɓa ratsa kwarin nan a irin wannan lokaci ya san abin da nake nufi. Daga Shetimari zuwa Diffa, daga Geskeru har Bosso, fili bayan fili an baza shi a kan yashi yana shan rana, ja wur, kamar an shimfiɗa wa ƙasa darduma. Mata da yara suna tsugune suna tsince wanda ya yi baƙi, samari suna danna busasshen a buhu da ƙafa, ƙurarsa tana shiga hanci ana ta atishawa ana dariya. A wannan watan ne ake biyan bashin taki, ake sa ranar aure, ake sayo sabon injin ban ruwa. Mutanen Diffa suna kiransa jan zinari, kuma ba da wasa suke faɗa ba.

Kogin da ke shayar da shi ba a Nijar ya taso ba. Ruwan ƙasar Kano ne da na tuddan Jos, da ke bi ta kogin Haɗeja da na Jama'are, su haɗe su zama Komadugu Yobe, ya yi wa Nijar da Najeriya iyaka ta kimanin kilomita 150 kafin ya zube a Tafkin Chadi. Tun da aka datse shi a Tiga a 1974, aka ƙara a Challawa a 1992, manomin Geskeru ya san cewa abin da aka yanke a wani ofishi mai nisa yana iya rage masa ruwa. Kasuwarsa ma kudu take kallo. Yamai tana can fiye da kilomita 1,300, alhali Damasak tsallaken gada ce, Maiduguri kuwa tafiyar wuni ba ta kai ba. Shi ya sa a kasuwar Diffa za ka ji ana ciniki da naira fiye da sefa. Tattasan da ke sa miyar Kano ta yi ja, wanda ake dakawa a yajin tsire da kilishi, mai yawa daga cikinsa nan ya fito.

Noman nan ba na malalaci ba ne. Tun damina ake yafa iri a reni dashe, a dasa idan ruwan kogi ya iso, sannan a yi watanni ana ban ruwa. Kakanni da jigo suka yi, jikoki da inji, inji kuwa sai da fetur. Ga taki, ga maganin ƙwari, ga kuɗin ƴan ƙwadago. Yawancin manoma ba su da wannan jarin a hannu, sai su karɓa wajen ɗan kasuwa da alkawarin biya da buhu idan an tsinka. Wato tun tattasai bai yi fure ba an riga an ci rabinsa. Kafin yaƙi kwarin yana fitar da kimanin tan 10,000 a shekara, wajen kashi 80 cikin 100 na abin da Nijar duka ke nomawa. Ƙungiyar Oxfam, a rahoton da ta fitar a farkon 2017, ta ƙiyasta cewa tattasai da bandar kifi a haɗe suna kawo sefa biliyan 28 duk shekara.

Ranar 6 ga Fabrairun 2015 mayaƙan Boko Haram suka tsallako suka afka wa Bosso da Diffa. Ranar 10 ga wata gwamnatin Nijar ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar Diffa, aka ce ta kwana 15 ce. A ƙarƙashinta aka hana hawa babur, ƴan kabu-kabu suka kwana da sana'a suka tashi babu. Aka rufe wasu kasuwannin ƙauye. Aka taƙaita sayen fetur, aka sa ido kan takin zamani saboda ana haɗa bam da shi. Sannan aka hana cinikin tattasai da na kifi.

Ba zan ce hukuma ba ta da dalili ba. Mayaƙan suna tare hanya suna karɓar haraji a kan buhu, suna kwashe amfanin gona, kuma duk motar da ta nufi Borno tana iya zama kuɗin harsashi. Sojan da aka kashe masa abokai jiya ba ya da lokacin tantance buhun mai gaskiya da na mai laifi. Abin da ya dame ni, kuma har yau yake damuna, shi ne ba a tanadi wurin da mai gaskiyar zai je ya ce a dube shi ba. An yanke hukunci a kan dukiyar dubban gidaje a tsakiyar kaka, ba a faɗi ranar da zai ƙare ba, ba a faɗi wanda zai biya asara ba.

Busasshen tattasai yana jure ajiya, amma ba har abada ba. Idan damina ta same shi a ɗaki sai ya sha laima, jan ya dushe, ya koma ruwan ƙasa, ƙwari su shiga. Buhun da dillali zai yi rububinsa a watan Maris, a watan Agusta sai an roƙe shi ya duba. Mai bashi kuma yana nan. Wanda ya yi ƙarfin hali ya koma gona, gaba kura baya siyaki: in ya gamu da mayaƙa su ce ɗan leƙen asirin gwamnati ne, in ya gamu da jami'an tsaro da jarkar fetur a hannu su ce shi ke kai wa mayaƙa. Abin da ya samu fita sai ya yi zagaye mai nisa ta yamma, kowane shinge da nasa kuɗin, duk a cire daga abin da zai shiga aljihun manomi.

Masunta nasu ya fi muni. Bayan harin tsibirin Karamga a ƙarshen Afrilun 2015, inda aka kashe sojoji da fararen hula da dama, aka ba mutanen tsibiran tafki ƴan kwanaki su tashi. Suka fito a ƙafa cikin zafin bazara, suka bar kwale-kwale da koma da murhun banda. Da aka sake kai wa Bosso mummunan hari a farkon Yunin 2016, sai ƙauyukan bakin kogi suka watse su ma. Waɗanda suka saba ba baƙo masauki suka koma zaune a bukkokin kara da tamfol a gefen babbar hanyar kwalta, suna layin karɓar gero. Mutumin da ya taɓa aurar da ƴaƴa uku da kuɗin kaka ɗaya, yanzu yana jiran a kira sunansa a takarda.

Sai a watan Oktoban 2017 aka sanar da ɗage haramcin tattasai, bayan fiye da shekara biyu da rabi. Na kifi ya kai 2019. Aka fara gyara injuna, aka koma neman bashi.

A nan ne labarin ya ɗauki wani salo da ko mai tatsuniya zai ji kunyar ƙirƙira. Ranar 7 ga Yulin 2019 shugabannin Afirka suka taru a Yamai suka ƙaddamar da yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta nahiyar, wadda Shugaba Mahamadu Isufu na Nijar ya jagoranci tallata ta. A wannan zaman ne Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a madadin Najeriya, aka yi ta tafi. Kwana 44 bayan haka, ranar 20 ga Agusta, Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. An ce saboda fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai da fetur ne. A watan Oktoba shugaban kwastan Hameed Ali ya ce babu kayan da zai shiga ko ya fita ta ƙasa, ko da kuwa na halal ne. A Nuwamba aka hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Shinkafar da ake faɗa a kanta ta Tailan ce da Indiya, a tashar Kwatano ta Benin take sauka. Manomin Komadugu bai taɓa ganin jirgin da ya kawo ta ba, amma kasuwarsa aka rufe, man injinsa ya yi tsada. A wannan Oktoban kuma kogin ya cika ya tumbatsa ya shafe gonaki da gidaje. Sai ranar 16 ga Disambar 2020 aka buɗe ƙofofi huɗu, na kusa da Nijar su ne Illela da Maigatari, kowacce ɗaruruwan kilomita daga Diffa.

To wa za a kai wa ƙara? A takarda akwai doka iyakar doka. Tun 1979 ƙungiyar CEDEAO, wadda ƴan Najeriya suka fi sani da ECOWAS, ta amince amfanin gona da dabbobi su riƙa ratsa iyakokin ƙasashenta ba haraji. Najeriya tana cikin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, WTO, tun ranar da aka kafa ta, 1 ga Janairun 1995, Nijar ta shiga a Disambar 1996. Sashe na 5 na tsohuwar yarjejeniyar da ƙungiyar ta gada ya ba kaya ƴancin wucewa ta wata ƙasa, abin da ƙasa marar teku irin Nijar ke rayuwa a kansa. Sai dai a zauren WTO da ke Jeniba gwamnati ce kaɗai ke ƙarar gwamnati. Ƙungiyar manoman tattasai ba ta da kujera, ba ta da ko tabarma a bakin ƙofa. Gwamnatin Nijar kuwa, da ke sayen wutar lantarki daga Najeriya, take kuma yaƙi kafaɗa da kafaɗa da ita a bakin tafki, ba za ta maka babbar yaya a kotu saboda tattasai ba. Wata goma sha shida iyaka tana rufe, babu alƙalin Jeniba da ya zauna a kan maganar.

Ko da an je ma, da an tarar da kotun a gurgunce. Kotun ɗaukaka ƙara ta WTO alƙalai bakwai ne ya kamata ta samu, kuma sai da uku take iya zama. Amurka ta yi shekaru tana hana naɗa sababbi, tana zargin kotun da wuce gona da iri, har ranar 11 ga Disambar 2019 aka wayi gari saura alƙali ɗaya. Tun daga ranar, ƙasar da aka kayar a matakin farko sai ta ce ta ɗaukaka ƙara zuwa kotun da ba kowa a ciki, magana ta mutu a nan. A taron ministoci na Yunin 2022 aka yi alkawarin gyara kafin ƙarshen 2024. Aka je Abu Dhabi a farkon 2024 aka tashi ba a gyara ba. Ƴar Najeriya ce, Ngozi Okonjo-Iweala, ke shugabantar ƙungiyar tun Maris 2021, kuma ta yi ta kira, amma a gidan da sai kowa ya yarda ake yanke shawara, mutum ɗaya mai ƙarfi ya isa ya tsayar da kowa.

Kalmar da ta rufe kasuwar Diffa ita ce dai take rufe baki a Jeniba: tsaro. Sashe na 21 na waccan tsohuwar yarjejeniya ya ba kowace ƙasa damar ajiye alkawarinta idan tsaronta na cikin haɗari. A 2018 Amurka ta ɗora haraji kan ƙarfe da alminiyum, har na ƙawayenta, ta ce tsaro ne. A Disambar 2022 alƙalan matakin farko suka ce hujjar ba ta tsaya ba. Amurka ta ce ba ta yarda wani ya auna mata tsaronta ba. A Diffa aƙalla an ji ƙarar bindiga. Amma idan babba ya nuna cewa da kalma ɗaya ake tsallake doka, wa zai hana na ƙasa da shi koyi?

Manoman audugar yammacin Afirka sun riga na tattasai ɗanɗana wannan. A 2003 Benin, Burkina Faso, Mali da Chadi suka kai kukansu taron WTO na Kankun a kan tallafin da Amurka ke ba manomanta, wanda ke karya farashin auduga a duniya. Ƙasar da ta iya ɗaukar lauyoyi ta yi shari'a ita ce Brazil. Ta ci, kuma a 2014 ita aka biya dala miliyan 300 aka rufe magana.

Sai 2023. A ƙarshen Mayu aka cire tallafin fetur a Najeriya, a watan Yuni aka saki naira ta faɗi, wato kuɗin da manomin Diffa ke karɓa ya rage daraja, man da yake saye ya ninka. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da Shugaba Mohamed Bazoum na Nijar, wanda shi kansa haifaffen jihar Diffa ne. Ranar 30 ga wata CEDEAO ta zauna a Abuja ta rufe iyakoki, ta tsayar da cinikayya, ba ta ware abinci ko magani ba. Najeriya ta yanke wuta. Manyan motoci suka yi layi a Malanbil, a iyakar Benin da Nijar, kaya suna ruɓewa. Gwamnatin sojan, tare da wasu cibiyoyin kasuwanci na ƙasar, ta kai ƙara kotun CEDEAO tana neman a sassauta. A Disamba kotun ta ƙi, ta ce gwamnatin da ba a amince da ita ba ba ta da bakin magana a gabanta. Komai ra'ayin mutum a kan juyin mulki, ya tsaya ya dubi wannan: ba a yarda talaka ya yi magana da bakinsa ba sai ta bakin gwamnatinsa, ga shi an ce gwamnatin ma ba ta da baki. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, Najeriya ta buɗe iyaka a watan Maris. Wata kakar ta riga ta wuce.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan labari. Jihar Diffa ba tattasai kaɗai take fitarwa ba. Can arewa, a cikin rairayin Agadem, akwai man fetur da kamfanin CNPC na ƙasar Sin ke haƙowa. An shimfiɗa masa bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 har gaɓar teku a Seme ta Jamhuriyar Benin, wanda zai iya ɗaukar ganga 90,000 a rana. A farkon Mayun 2024 Shugaba Patrice Talon na Benin ya ce ba za a yi lodin man Nijar a tasharsa ba muddin Nijar ta ƙi buɗe tata iyakar. Sai ga tawaga daga Sin ta sauka a Kwatano. Ba a yi mako biyu ba aka janye, jirgin farko ya yi lodi ya tashi. Rikicin ya sake tashi a watan Yuni, amma kafin ƙarshen Agusta mai ya ci gaba da gudu a cikin bututu, alhali gadar Gaya da ta haɗa Nijar da Benin tana nan a rufe ga mai albasa da mai wake.

Jiha ɗaya, kaya iri biyu. Gangar mai tana da uban gida wanda idan ya yi tari ake tashi tsaye, saboda haka matsalarta ta ɗauki kwanaki, da ta sake tashi ma ƴan watanni kawai. Buhun tattasai, wanda ya fi ciyar da gidaje a kwarin nan nesa ba kusa ba, ya jira shekara biyu da rabi a karon farko, wata goma sha shida a na biyu, wata bakwai a na uku. Babu kotun da ta buɗe wa mai hanya. Ƙarfi ne ya buɗe. Wannan shi ne ainihin ciwon tsarin cinikin duniya a yau, kuma shi ya sa nake ganin masu cewa a bar WTO ta mutu tunda ba ta taɓa amfanar mu ba sun yi kuskure. Mai ƙarfi ba ya bukatar alƙali, yana da jirage da bankuna da jakadu. Marar ƙarfi ne ba shi da komai sai doka, kuma ranar da doka ta faɗi shi ne farkon wanda za a taka.

Gyaran da nake nema bai tsaya a naɗa alƙalai bakwai a Jeniba ba, ko da yake dole a naɗa su. Ina son duk hukumar da za ta rufe kasuwa da sunan tsaro, gwamna ne ko shugaban ƙasa ko ƙungiyar ƙasashe, a tilasta mata ta rubuta dalili, ta sa rana, kuma idan ranar ta zo wani wanda ba ita ba ya duba ko dalilin yana nan. Abinci da magani da kayan da ke ruɓewa su kasance a waje da kowane takunkumi, a rubuce tun kafin rikici ya tashi, don ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne ƙofar ƙara. Ba mafarki ba ne: a Kotun Gabashin Afirka da ke Arusha, mutum ɗaya ko kamfani yana iya ƙarar gwamnati idan ta karya yarjejeniyar ƙungiyarsu. Amma sabuwar yarjejeniyar da aka yi wa biki a Yamai ta kwafi tsarin Jeniba, gwamnati da gwamnati kawai. Da ƙungiyar manoman Komadugu tana da inda za ta ajiye takarda a 2015, mai yiwuwa ba za ta ci shari'a ba. Amma da dole wani ya zo ya amsa tambaya, ya ce ga abin da muka hana, ga ranar da za mu sake dubawa, ga abin da za mu yi wa wanda buhunsa ya ruɓe. Watakila da an gano cewa rakiyar motoci da tantance ƴan kasuwa sun fi sauƙi a kan mayar da manoma ƴan karɓar agaji, da barin samari marasa aiki a gaban masu ɗaukar mayaƙa da kuɗi a hannu.

Ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar, Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga CEDEAO. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin mutane da kaya suna wucewa kamar da, har sai an sake sanarwa. Wato tattasan da zai tsallaka zuwa Damasak ko Maigatari yanzu ba a kan yarjejeniya yake tafiya ba, a kan alfarma yake, kuma wanda ya yi alfarma yana iya janyewa da sanarwa ɗaya. Dokar ta-ɓacin da aka ce ta kwana 15 ce kuwa, an yi ta sabunta ta wata uku bayan wata uku har aka daina ƙirga. Yaron da aka haifa a Geskeru a makon da aka kafa ta ya isa yanzu a aike shi ya tayar da injin ban ruwa, ya riƙe tiyo, ya karya ƙasa da fartanya ruwa ya shiga fangali na gaba.